Darasi na 11: Hanyar da koke yake bi a majalisar ƙaramar hukuma

'Yan'uwa mata, wannan darasin da ciwon ƙafa na koye shi, don haka zan ba ku shi yadda ya same ni.

Mu 25 ne a ƙungiyarmu, kusan rabinmu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli muke kaiwa kasuwar mako. Abu biyu suka dame mu. Ba mu da rumfa, a rana muke yini, da damina kuwa sai gudun tsira da kaya. Sannan masu karɓar kuɗin kasuwa suna yankar mana tikiti sau biyu, ɗaya a bakin shiga, ɗaya bayan mun baza kaya. Kuɗin ba wani mai yawa ba ne, amma mai ribar kwalba uku ta san zafinsa. Har zubin mako ya fara gagarar wasu daga cikinmu.

Aka wakilta mu uku muka je gidan kansilanmu. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya ce in sha Allahu za a duba. Wata uku shiru. Muka koma, ya sake cewa za a duba. Muna hanyar dawowa muna ƙorafi, muka biya gaishe da kawun marubuciyarmu, tsohon ma'aikacin sakatariya ne da ya yi ritaya. Ya saurare mu tsaf, sannan ya ce, "Kun rubuta?" Muka ce, "A'a, Kawu, baki da baki muka faɗa masa." Ya ce, "To, 'ya'yana, maganarku a zaure ta tsaya, ba ta shiga majalisa ba."

Ranar muka zauna ya warware mana abin.

Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774, kowace an raba ta mazaɓu, kowace mazaɓa da kansila ɗaya. Jihar Kano kaɗai tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. Sashe na 7 na tsarin mulkin 1999 ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe su, kuma a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba su kasonsu na kuɗi kai tsaye. Tsarin mulkin ya lissafa ayyukansu: kasuwa, tashar mota, mayanka, maƙabarta, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, kuma suna da hannu a makarantar firamare da kiwon lafiya da noma. Kun ga ke nan rumfa da tikitin kasuwa nasu ne, ba sai an je wurin gwamna ba.

A cikin sakatariya ɓangare biyu ne. Akwai ciyaman da mataimakinsa da kansiloli masu gafaka, su ne masu aiwatarwa. Masu gafakar nan naɗa su ake yi, ba mu muka zaɓe su ba. Sai majalisar kansilolin da muka kaɗa wa ƙuri'a, su ne masu yin doka, masu amincewa da kasafin kuɗi, masu bin diddigin yadda aka kashe. Majalisar tana zaɓar shugabanta daga cikin kansiloli, kuma tana da akawu, ma'aikaci mai riƙe takardu da rubuta duk abin da aka yanke. Ku riƙe sunan akawun nan, za mu dawo kansa.

Majalisa tana da ƙa'idojin zamanta a rubuce. Dokar kowace jiha ce ke shata su, don haka akwai ɗan bambanci daga wuri zuwa wuri, amma ƙashin bayan ɗaya ne. Ba a buɗe zama sai adadin da doka ta ce ya cika. A majalisar tarayya da ta jiha ɗaya bisa uku ne na 'yan majalisa. In adadi bai cika ba, duk abin da aka yanke hira ce kawai. In ya cika, a yi addu'a, a karanta bayanin zaman da ya gabata, a gyara kuskure, a amince da shi. Sai a bi ajanda, wato jerin abubuwan da aka shirya tattaunawa ranar. Abin da ba ya cikin jerin da wuya ya sami shiga. Kansila ba ya magana sai shugaba ya ba shi dama, kuma shugaba yake fuskanta, ba abokin gardamarsa ba. In yana son majalisa ta yi wani abu, sai ya gabatar da ƙuduri, wani kansilan ya tashi ya goya masa baya. Ƙudurin da bai sami mai goyon baya ba, nan take ya mutu, ko tattauna shi ba za a yi. In an tattauna, shugaba ya tambayi masu cewa eh da masu cewa a'a, mafi rinjaye su yi nasara, akawu ya rubuta.

Da na ji wannan sai na gane kansilanmu bai yi mana ƙarya ba, mu ne muka tura shi hannu rabbana. Ba takardar da zai miƙa, ba wani kansila da ya san zancen balle ya goya masa baya.

Yanzu ga inda aikin gaske yake, wato kwamiti. Majalisa ba ta da lokacin zuwa kasuwa ta ƙirga rumfuna, don haka takan raba kanta ƙananan kwamitoci: na kuɗi da kasafi, na ayyuka, na lafiya, na ilimi, na noma, wani wurin har da na harkokin mata. Waɗannan na dindindin ne. Akwai kuma na wucin gadi, wanda ake kafawa don magana ɗaya, in ya gama ya watse. Koke in ya shiga majalisa, yawanci ba a yanke shi ranar. Miƙa shi ake yi ga kwamitin da ya dace, a ce ya bincika ya kawo rahoto. A nan koke yake rayuwa, a nan kuma yake mutuwa. A zauren majalisa ke ba ki da bakin magana, amma kwamiti yana iya kiran ki ya ji daga bakinki, yana iya kiran ma'aikacin da kike ƙara, yana iya zuwa ya gani da idonsa. Sai dai ku kula: kwamiti shawara yake bayarwa, majalisa ce mai yankewa. Kwamitin da ba a sa masa ranar kawo rahoto ba kuwa, sai ya shekara yana "bincike".

Ga yadda muka yi a karo na biyu. Mun fara da namu zaman. Shugabarmu ta sa maganar a ajanda, muka tattauna, muka ɗaga hannu, marubuciya ta rubuta a littafi cewa ƙungiya ce ta yanke, ba mutum uku ba. Muka rubuta takarda shafi ɗaya da Hausa zuwa ga shugaban majalisa, ta hannun kansilanmu: su wa muke, mece ce matsalar, me muke roƙo. Kowa ta sa hannu ko ta dangwala. Muka haɗa da tsofaffin tikiti na mako huɗu, bibbiyu masu kwanan wata ɗaya. Wallahi tikitin nan sun fi duk kalamanmu aiki. Muka yi kwafi uku, muka kai ofishin akawu, muka roƙa a buga hatimi da kwanan wata a kan namu kwafin. Kada ki baro ofis ba tare da wannan hatimin ba, ko da za a ce ki dawo gobe. Sannan muka je gaishe da kansilan mazaɓar da ke maƙwabtaka da mu, don matan garinsa ma kasuwar suke ci. Shi ya goya baya.

Aka miƙa maganar ga kwamitin kuɗi. Duk bayan mako biyu ɗayarmu takan leƙa wurin akawu da tambaya guda: yaushe kwamiti zai kawo rahoto? Ba faɗa, ba zagi, gaisuwa da tambaya. Kuɗin motarta a asusun taimako muke cira, da yardar kowa. Ran wata kasuwa sai ga kansiloli biyu sun zo, suka tambayi mata, suka ga tikiti. Bayan rahotonsu aka hana yankan biyu.

Rumfa kuwa ba mu samu ba a shekarar, kuma laifin lokaci ne. Shekarar kuɗin gwamnati daga Janairu take zuwa Disamba, mu kuma mun kai kokenmu bayan an riga an amince da kasafi. Duk abin da yake bukatar gini, ku kai shi da kaka, lokacin da ake haɗa kasafin baɗi. Ba zan ɓoye muku ba, akwai wuraren da majalisar ba ta cika zama ba, sai ku yi ta zarya. Ko a can takarda mai hatimi tana da amfani, don in an canja kansila ba za ku faro daga farko ba.

Abin da ya ba ni kunya shi ne, da muka dawo muka duba namu littafin, sai muka ga muna yin irin abin da muke zargi. An taɓa ba wata bashi ranar da mata tara kawai suka zo. An taɓa cewa "a bincika" maganar wadda ta daina zubi, ba a faɗi wa zai bincika ba, ba a sa rana ba. Ga shi muna da shugaba, marubuciya, mai ajiyar akwati, masu ƙirga kuɗi biyu da masu makulli uku, tsarin da muka gada daga Mata Masu Dubara da aka fara a yankin Maraɗi a 1991. Tun daga nan ba ma buɗe akwati sai an kira suna an ga adadin da ke cikin dokarmu ya cika, kuma duk aikin da aka ba wasu, a rubuta sunayensu da ranar da za su kawo bayani.

Kafin zama mai zuwa, ku zaɓi mata biyu su binciko sunan kansilan mazaɓarku, ranar da majalisa take zama, da ƙofar ofishin akawu. Marubuciya ta zo da takarda da biro, sauran kuma kowa ta zo da matsala ɗaya wadda take cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Za mu zaɓi guda mu rubuta kokenta tare.