Yadda Ake Gane Yoyon Mai da na Ruwa a Tsohuwar Mota

Tsohuwar motar shiga daji, irin su Land Rover, ba ta cika mutuwa a hanya ba sai ta yi gargaɗi tukuna. Gargaɗinta kuwa shi ne ɗigon da takan bari a ƙasa.

Saboda haka, ana gobe za a fita rangadi, malamin hakimi ya sa direba ya shimfiɗa farin kwali a ƙarƙashinta ta kwana. Da safe a duba:

1. Ɗigo baƙi daga gaba, baƙin mai ne na inji.

2. Mai kauri da warin farar wuta, daga tsakiya ko tsakanin tayoyi, man giya ne.

3. Mai kama da ruwa, kore ko mai launin tsatsa, daga lagireto yake, ko tiyonsa, ko famfon ruwa.

Mai yakan gangara ƙasa, iska kuma ta kore shi baya. Don haka a wanke injin, a tayar da shi, sa'an nan a nemi wuri mafi bisa da ya jiƙe. Nan ɓarnar take.

A zaro sandar awon mai. In man ya yi fari kamar an zuba madara, watau ruwa ya shiga cikinsa. Kada motar ta motsa sai makanike ya gani, gama injin zai lalace.

Daga ƙarshe, kada a kuskura a buɗe murfin lagireto injin yana da zafi. Tafasasshen ruwa zai yi tsartuwa ya ƙone mutum.