Kafin ki kalli fim ɗin tagwaye da 'yarki

Idan 'yarki ta kai shekara 12 ko 13, ki nemo The Parent Trap na 1998 ku kalla tare. Lindsay Lohan ce ta fito a matsayin tagwayen, Hallie da Annie, waɗanda aka raba tun suna jarirai bayan mutuwar auren iyayensu. Ɗaya ta tashi a Kalifoniya wajen uba, ɗaya a Landan wajen uwa. Da suka haɗu a sansanin hutu sai suka yi musanyar gida don su sasanta iyayen.

Ki fara kallonsa ke kaɗai. Akwai shan giya, akwai yara suna caca da kati, don haka ki shirya abin da za ki ce.

Ƙarshen ne ya fi damuna. Iyayen sun mayar da aurensu, kuma yarinyar da nata iyayen suka rabu tana iya zargin kanta, ta ga kamar dabararta ce ta gaza. Ki gaya mata sarai cewa sasanta manya ba nauyinta ba ne. Sannan ki tambaye ta ko daidai ne a ɓoye wa yarinya cewa tana da 'yar'uwa, ki bar ta ta amsa ba tare da kin katse ta ba.