Tsintsiyar Makaranta da Igiyar Makaho

Duk wanda ya taɓa zaman makarantar kwana ya san abin da akan yi a makon farko na dawowa hutu. Akan buɗe sito, a kira shugabannin gidaje, a raba musu tsintsiya da bokiti da igiyar shanya. Bana ina cikin waɗanda aka aika ɗauko kayan gidanmu, sai na tambayi mai kula da sito inda aka sayo su. Ya ce, "Kai yaro, ɗan kwangila ne ya kawo. Ɗauki ka wuce." Na ɗauka na wuce, amma maganar ba ta bar raina ba.

Dalili kuwa shi ne, a unguwarmu can Maiyama akwai wani dattijo makaho mai tufkar igiya. Tun ina ƙarami nake ganinsa zaune a gindin bedi, rama tana gefensa, hannunsa bai hutawa. Ran kasuwar Jega jikansa yakan yi masa jagora su tafi da kayan. In an yi ciniki, madalla. In ba a yi ba, sai su tsaya bakin tasha su yi bara, su sami kuɗin motar komawa. Da hutu na ce masa, "Baba, ga ka da sana'a, me ya kai ka bara?" Ya ce, "Ɗana, tufka ba ta gagare ni ba, mai saye ne babu."

To, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, a ƙasar nan babu mai saye kamar gwamnati. Ku duba makarantu da asibitoci da sakatariyoyin ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama, ga kuma jami'a a Aliero. Kowannensu yana bukatar tsintsiya, da tabarma, da sabulu, da ɗinkin yunifom, da gyaran kujeru da gadajen ƙarfe. Ba sadaka ake bayarwa ba in an sayi waɗannan, tilas ne a saye su kowace shekara. Abin tambaya shi ne, a hannun wa?

Wasu ƙasashe sun daɗe da amsa wannan. A Amurka, cikin 1938, Shugaba Roosevelt ya sa hannu a kan wata doka wadda ta umurci ma'aikatun gwamnatin tarayya su riƙa sayen wasu kayayyaki daga ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, masu ɗaukar makafi aiki. Abin mamaki, da tsintsiya da abin goge daɓe aka fara, irin kayan sitonmu ke nan. A 1971 aka faɗaɗa dokar ta haɗa da sauran naƙasassu, aka kuma shigar da ayyuka kamar shara da wanki. Yanzu sunan shirin AbilityOne. Yadda yake aiki ba wuya: akwai hukuma mai riƙe da jerin kayayyaki, ita ke yanke farashi, kuma duk abin da ya shiga jerin, ma'aikata ba ta zuwa wani wuri nemansa. Ita kuma ƙungiya, sai kashi 75 cikin 100 na sa'o'in aikin hannu ya zama naƙasassu ne suka yi shi. Da haka ne biron nan mai suna Skilcraft, wanda makafi ke haɗawa, ya cika ofisoshin gwamnatinsu. A nan Afirka ma, tun 2013 Kenya ta ware kashi 30 cikin 100 na kwangilolin gwamnati domin matasa da mata da naƙasassu.

Mu ma ba a bar mu a baya ƙwarai ba. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ce a ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, a 2020 kuma aka kafa musu hukuma ta ƙasa. Wannan abin yabo ne. Sai dai aikin ofis yana son takardar shaida, Baba mai igiya kuwa ko aji ɗaya bai shiga ba. Irinsa sun fi yawa a garuruwanmu. Wanda dokar ɗaukar aiki ba za ta kai gare shi ba, ciniki zai kai.

Kada wani ya ce ba su da haɗin kai. Tun kaka da kakanni akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, kowane da jama'arsa. A Kano ƙungiyar waɗanda shan inna ta naƙasa ta daɗe tana ƙera kekunan guragu da hannunta. Ashe in aka yi wa irin wannan ƙungiya rajista a Jega, aka ce ta kawo tsintsiya da igiyar makarantu biyar, ba abin da zai gagara.

Amma fa akwai wurin tuntuɓe, kuma ba zan ɓoye ba. Na farko, wani mai lafiya garau yana iya kafa ƙungiya da sunan makafi, ya karɓi kwangila, ya ba su na goro. Ko a Amurka an yi ta ƙorafin ana biyan wasunsu ƙasa da mafi ƙarancin albashi, sai a 2022 aka hana haka cikin shirin. Na biyu shi ne jinkirin biya. Babban ɗan kwangila yana iya jiran wata shida, amma wanda ya ci bashin rama ba ya iya jiran mako biyu. Dole a ba shi rabin kuɗi tun farko. Kaya kuma su zama masu kyau. In tsintsiya ta watse ran duba tsabta, mu ne za mu sha bulala, ba wanda zai ce ai ta makaho ce.

Ba sai an jira Abuja ko Birnin Kebbi ba. Ƙungiyar iyaye da malamai tana da ɗan abin da take sayen kayan shara da shi. Ina roƙon iyayenmu su kawo maganar a taro mai zuwa. Na riga na tambayi Baba, ya ce in an ba shi rama da mataimaka biyu, zai gama igiyar shanyar gidajenmu duka kafin mu dawo hutu.