Kwabo a Gona

Wani manomi a Lambara yana huɗa, sai garma ta tono kwabo mai huji. Duk ya yi kore. Ya dirje shi da toka da tsamiya. Kwabo ya yi ƙyalli, amma shekararsa ta shafe. Kaico!

In ka tsinci irinsa, kada ka kankare shi. Jiƙa shi cikin ruwa mai tsabta kwana biyu. Wanke da sabulu, ka murza da yatsa sannu sannu. Bari ya bushe sarai, gama laima ke cin tagulla.

Sa'an nan ka karanta. Shekara tana ƙarƙashin tauraro. Kwabon dā fari ne. Na tagulla ya soma fita a 1952. Naira ta shigo a 1973.