Hunturu da Ɗakin Kwana a 'Yandoto

'Yandoto tsohon gari ne a ƙasar Tsafe, tsakanin Tsafe da Gusau, babban birnin Jihar Zamfara. Tun zamanin dā sunansa ya shahara saboda malamai. Masu ba da tarihi sun ce Korau, wanda ya kashe Sanau ya ci sarautar Katsina, mutumin 'Yandoto ne. A lokacin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka fara a 1804, aka ci tsohon birnin da yaƙi. Almajiran da suka yi karatu a can ba su san fitilar lantarki ba. Da la'asar su kan shiga gonaki su yiwo kara da ƙirare, in dare ya yi a hura wuta a tsakar makaranta, su kewaye ta da allunansu. Wuta guda ta kan yi musu aiki biyu, ta haska musu rubutu, ta kuma kore musu ɗari.

Ɗarin nan bai sake hali ba har yau. Ya kan faro wajen watan Nuwamba, ya yi ƙarfi a Disamba da Janairu, sa'an nan ya sassauta cikin Fabrairu. Iskar hunturu daga arewa maso gabas ta ke busowa, daga Hamada. Yawancin ƙurar da ta ke ɗaukowa daga wani busasshen kwari ne a ƙasar Cadi, ana ce da shi Bodele. In hazo ya yi kauri, wanda ke tafiya kan hanyar Gusau ya kan duba bai ga Dutsen Kwatarkwashi sosai ba, ga shi kuwa dutse ne babba.

Hausawa sun bambanta sanyi da ɗari. Sanyi shi ne mai laima, irin na damina. Ɗari kuwa busasshe ne, shi ke fasa leɓe, ya sa kaushi da faso a ƙafa. Da rana ƙasa ta kan sha zafi, amma da ya ke babu gizagizai, babu laima a iska da za ta riƙe shi, da rana ta faɗi sai zafin ya yi ta tsere wa sama. Don haka ne ɗari ya fi tsanani da asuba, gab da fitowar rana. A irin wannan lokaci ma'aunin zafi ya kan sauka ƙasa da digiri 15, alhali jikin mutum mai lafiya digiri 37 ya ke bukata. Mutumin Ingila, inda ruwa ke daskarewa a digiri 0, ya yi dariyar wannan ɗari. Amma shi an gina masa gida ne domin ɗari. Yaron da ya kwana a kan tabarma da riga ɗaya, ba abin dariya a wurinsa. Tsofaffi da jarirai su suka fi wahala, gama jikinsu ba ya riƙe ɗumi kamar na samari.

To, abu ɗaya ya kamata ɗalibi ya gane tun daga nan. Ɗaki ba ya haifar da ɗumi, bargo ma ba ya haifar da shi. Ɗumi daga rana ya ke zuwa, ko daga wuta, ko daga jikin mutum. Aikin ɗaki da bargo tsarewa ne kawai, kamar yadda tulu ba ya yin ruwa, riƙe shi ya ke yi. Tulun da ya tsage, kome yawan ɗiban da aka yi masa, ba ya kwana da ruwa. Haka ɗakin da ke zubar da ɗumi, kome yawan itacen da aka ƙona a ciki.

A ɗauki misalin ɗakuna biyu a gida ɗaya. Na farko soro ne na wani tsoho. An gina bangonsa da tubali, watau curin ƙasa da aka kwaɓa aka shanya a rana. Bangon na da kauri ƙwarai daga gindi, yana ta raguwa har sama. An yi rufinsa da azara ta giginya, an shimfiɗa zana, an zuba ƙasa an daɓe, an shafe da makuba. Na biyu na ɗansa ne, wanda ya samo kuɗi a Gusau, ya gina da bulo na siminti, ya rufa da kwano, bai sa silin ba.

Da rana bangon tsohon ya kan yi ta shan zafin rana a hankali, kamar yadda busasshiyar ƙasa ke shan ruwa. Saboda kaurinsa, zafin ba ya kai wa ciki sai bayan sa'o'i da yawa. Da tsakar rana ɗakin na da sanyi. Can cikin dare, sa'ad da waje ya yi ɗari, sai bangon ya riƙa sakin ɗuminsa cikin ɗaki. Wanda bai yarda ba, ya ɗora tafin hannunsa a jikin katangar ƙasa bayan sallar lisha, zai ji ta da ɗumi.

Kwano kuwa ƙarfe ne, kaurinsa bai kai na farce ba. Ƙarfe ba shi da haƙuri: nan da nan ya ke ɗaukar zafi, nan da nan ya ke sakinsa. Wannan ya sa cokalin ƙarfe ke ƙona hannu in an bar shi a tukunya, ludayin duma kuwa ba ya ƙonawa. Har wa yau, iska mai ɗumi ba ta da nauyi, sama ta ke tashi. A ɗakin saurayin, ɗumin jiki da na wuta ya kan hau ya tarar da kwano mai sanyi, ya bi ta cikinsa ya fice. Ga kuma ƙofofin da ke tsakanin kwano da kan bango, inda iska ke shigowa da ƙura. Da asuba tsohon na barcinsa da gwado ɗaya, ɗansa na makyarkyata cikin barguna biyu. Da bazara kuma ɗakin nan ya zama tanda.

Kada a ce kwano ba shi da amfani. Bayan da hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa Gusau ta kai Ƙauran Namoda a 1929, kayan Turawa suka fi samun hanyar shigowa ƙasar Zamfara, kwano na cikinsu. Mutane ba su rungume shi a banza ba. Soro sai an yi masa yaɓe kusan kowace shekara, in an yi sakaci ya yi yoyo ko ya rufta da damina. Ɗakin jinka na ciyawa na riƙe ɗumi da kyau, amma tartsatsi guda ya isa ya cinye shi. Kwano ya raba mutane da waɗannan. Laifin yana ga barinsa tsirara.

Maganin ba shi da wuya, kuma yana cikin sirri guda: iskar da aka tsare, ta zauna wuri ɗaya, ba ta barin zafi ya wuce da sauri. Ciyawar jinka cike ta ke da 'yan ƙananan ramuka masu iska. Auduga ma haka, gashin tunkiya ma haka. Kaza ta san wannan, shi ya sa ta ke buɗa gashinta ta kumbura da safiyar hunturu. Saboda haka in aka sa silin a ƙarƙashin kwano, an tsare iska ke nan tsakanin biyu, ɗumi ya rasa hanya. Mai hali ya sa na katako. Wanda ba shi da hali ya ɗaura zana, ko asabari, ko tabarmi, muddin sun yi nesa da wuta da wayar lantarki. Waɗansu magina su kan yi rufin soro, sa'an nan su ɗora kwano a bisa, ƙasa ta tsare ɗumi, kwano ya tsare ruwa. Mutanen ƙasashen Turai ma da wannan dabara su ke aiki: su kan sa gilashi biyu a taga, a bar iska a tsakani, su kuma shimfiɗa abu mai laushi kamar auduga a cikin rufi.

Sauran gyaran ko yaro ya iya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, iskar hunturu ma haka ta ke. Kafin Nuwamba sai a kwaɓa ƙasa a liƙe tsagar bango, a toshe ramukan da ke ƙarƙashin kwano ta wajen arewa da gabas. A rataya tufaniya ko labule mai kauri a ƙofa. Magina na dā ba su cika son ƙofar ɗaki ta dubi gabas ko arewa ba, domin ta gabas hadari ke tasowa da damina, ta arewa maso gabas kuma hunturu ke zuwa. Daɓen siminti na shan ɗumin jiki, don haka kada a kwanta a kansa da tabarma ɗaya. A ninka shimfiɗa, ko a sa buhu ko kwali a ƙasa. Riguna biyu marasa kauri sun fi guda mai kauri, gama akwai iska a tsakaninsu. A sa wa yara hula da safa, a shafa musu man kaɗanya, a ba su kunu ko koko mai zafi da safe.

Me ya sa za a yi duk wannan wahala, ba a ƙara itace kawai ba? Domin itace kuɗi ne. A ce mai gida na ƙona dami ɗaya na itace kowane dare don jin ɗumi. Daga farkon Disamba zuwa ƙarshen Janairu kwana 62 ne, dami 62 ke nan, ban da na girki. In ya gyara ɗakinsa har rabin dami ya ishe shi, ya tsira da dami 31, zanar da ya ɗaura kuwa tana nan har baɗi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya hau, kome da mota ke ɗaukowa ya bi shi, har da itace da gawayi. Kananzir ya fi ƙarfin talaka. Shiga daji yin itace kuma, a ƙasashen Tsafe da Bungudu, ya zama abin tsoro a shekarun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyuka. Waɗansu iyalai ma sun bar gidajensu sun yi hunturu a inda ba bango, ba rufi. Maƙwabcin da ya ba irin waɗannan tsohon bargo ya yi babban abu.

Dajin kansa yana biya. Marke da ƙirya su ne masu itace da masu gawayi suka fi nema, kuma sun daɗe kafin su girma. In sun yi wuya sai gatari ya koma kan kaɗanya da ɗorawa. Wannan kuwa hasara ce biyu. Daga kaɗanya a ke samun man da ke maganin faso. Daga ɗorawa a ke samun kalwa ta daddawa, da makubar da ke tsare soro. Wanda ya sare ɗorawa don ɗumin mako guda ya sare abin gyaran ɗakinsa. Ɗanyen itace ma ɓarna ne, gama wuta sai ta ƙone ruwansa tukuna, hayaƙi ya yi yawa, zafi kaɗan. Gara a tara shi tun kaka ya bushe sarai.

Akwai kashedi guda wanda ya fi duk abin da aka faɗa. Ɗakin da aka liƙe, ba a kwana da wuta a cikinsa. Gawayi in yana ci a wurin da iska ba ta wadata ba, ya kan fitar da wata mugunyar iska wadda masana ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari balle ta farkar da mai barci. Ta kan shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Alamunta ciwon kai ne, da jiri, da tashin zuciya, da kasala. Ta kan kashe mutanen ɗaki guda gaba ɗaya a dare ɗaya. Janareto ma irinta ya ke fitarwa, don haka ba a tayar da shi a ɗaki ko a zaure. A ɗakin jinka na dā hayaƙi ya kan sami hanya ta cikin ciyawa, amma ɗakin siminti mai ƙofar ƙarfe ba haka ya ke ba.

Saboda haka kaskon wuta a hura shi a waje. In an shigo da shi, a bar ƙofa ko taga a buɗe, a ajiye shi nesa da gado da labule da gidan sauro, kada a bar ƙaramin yaro shi kaɗai da shi. Kafin a kwanta a fitar da shi tsakar gida a kashe da ruwa ko ƙasa, sa'an nan a rufe ƙofa. Ɗaki mai kyau zai riƙe ɗumin da ya samu. Yaron da ya ji kansa na sarawa a ɗakin da ke da gawayi, ya buɗe ƙofa nan take, ya ta da kowa, a fita waje. Wanda ya kāsa tashi a ɗauko shi a kai shi asibiti. In kuwa wuta ta ƙona wani, a yi ta zuba wa wurin ruwa mai tsabta mai sanyi har kamar minti 20, kada a shafa mai ko toka, sa'an nan a tafi wurin likita.

Aikin Yi

1. A sami kwalabe biyu iri ɗaya, malami ya cika su da ruwan ɗumi, a toshe. A naɗe ɗaya da tsumma ko auduga, a bar ɗaya haka. Bayan awa ɗaya a taɓa ruwan kowace. Wace ta fi ɗumi? Don me?

2. Mene ne bambancin sanyi da ɗari?

3. In gidaje 40 kowanne ya rage dami 31, dami nawa unguwar ta tsira da shi?

4. Kowane ɗalibi ya duba ɗakin da ya ke kwana, ya rubuta wuraren da iska ke shigowa, da abin da za a toshe su da shi.