Likitan ƴan kokowa

In kaka ta yi a ƙasar Adar, an kai hatsi rumbu, sai ka ji ganga tana tashi. Daga Kalfu har Barmu da Keita, samari suna fita dandali su yi kokowa. A garin Tawa ne aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko, a shekarar 1975. Kantu na Maraɗi ne ya ci. Har yanzu ana yin wannan gasa, ana ba gwani takobi.

Mutane suna kallon kaye, suna jin kirari. Amma a gefen fili akwai wani mutum zaune da akwatin magani. Shi ne likitan ƴan wasa. Shi ba kaye yake kallo ba, gwiwa da kafaɗa da wuya yake duba. Ya sani targaɗe guda, in ba a kula da shi ba, yana iya raba ɗan kokowa da fili, har ya hana shi noma.

In an yi targaɗe, likita yakan hana mutum taka ƙafar. Ya sa ƙanƙara ko ruwan sanyi, ya ɗaure wurin da bandeji, ya ɗaga ƙafar sama don kumburi ya sauka. In ya ga alamar karaya, sai a kai mutum asibiti a ɗauki hoton ƙashi.

Ina ya samo wannan sani? Daga bincike. Masu bincike ba sa cewa "an ce". Awo suke yi. Sukan auna nauyin ɗan wasa kafin ya fara, su sake aunawa in ya gama. In kilo 1 ya ragu, to, wajen lita 1 ta ruwa ta fita ta hanyar gumi. Fiye da rabin jikin mutum ruwa ne. Shi ya sa mai wasa cikin zafin bazara yake bukatar shan ruwa kafin ƙishirwa ta kama shi.

Sukan ƙirga bugun zuciya kuma. Zuciyar babban mutum, in yana hutawa, tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti guda. Ta wanda ya saba da motsa jiki takan sauka ƙasa da 60, saboda ta yi ƙarfi.

Wannan aiki sai da karatu mai tsawo. Yaro ya gama firamare, ya shiga kwaleji, ya wuce lise. Daga nan, mai son likitanci ya tafi Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai. Mai son horar da ƴan wasa kuma ya shiga makarantar ƙasa ta matasa da wasanni. Wanda ya zurfafa yakan zama malamin jami'a, yana koyarwa yana bincike. Maza da mata duk suna iyawa. Farkon hanyar kuwa lissafi ne da sanin jikin mutum, waɗanda ake koyo tun a aji.

Tambayoyi
1. A wace shekara aka yi gasar kokowa ta farko a Tawa?
2. Me ake yi wa wanda ya yi targaɗe?
3. Ɗan kokowa yana da kilo 80. Bayan wasa ya koma 78. Lita nawa ta ruwa ya rasa?

Aiki
Kowa ya dafa wuyan hannunsa, ya ƙirga bugun jini na minti guda. A zagaya filin makaranta da gudu, a sake ƙirgawa. A rubuta lambobin biyu cikin littafi, a gwada su.