Yadda Ake Juyen Baƙin Mai A Sabuwar Mota Mai Gudu

 A wannan makon na kawo muku darasi ne daga gareji. Da aka yi hutun ƙarshen zango, Baba ya ce ba zan zauna a gida ina ƙirga kwanaki ba, sai ya haɗa ni da Kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda bakanike ne mai gyaran motocin Jamus. Aikina a can shi ne shara, miƙo sifana, wanke noti, da sayo wa manya ruwan leda. A sati na uku aka kawo wata mota da ta sa har masu faci na maƙwabta suka bar aikinsu suka zo kallo. A kanta na koyi abin da zan faɗa muku yau.

Wace irin mota ce?

Sunanta BMW M4 Competition. Kamfanin da ke yin ta yana birnin Munik na ƙasar Jamus, kuma tun 1972 yake da sashe na musamman mai alamar M, wanda ya faro daga motocin tsere. Injinta silinda shida ne a jere, mai lita uku, da turbo guda biyu. Ƙarfinsa ya haura na doki 500. Daga tsaye cak tana kai gudun kilomita 100 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu, wato kafin ka gama cewa "ina kwana Malam, an tashi lafiya" ta yi nisa. Wadda aka kawo mana sabuwa ce fil, ko ledar kujerun baya ba a cire ba, kuma tafiyar da ta yi duka bai cika kilomita 2,000 ba.

Na tambayi Kawu, "To Kawu, sabuwar mota me ya kawo ta gareji?" Ya ce, "Juye za a yi mata. Kai dai buɗe ido."

Me baƙin mai yake yi a inji?

Ku goga tafukan hannuwanku da ƙarfi na ɗan lokaci. Za ku ji zafi. Wannan ita ce gogayya da malaminmu na darasin fasaha ya koya mana. Yanzu ku shafa man gyaɗa ku sake gogawa, za ku ji suna sulɓi, zafin ya ragu. Haka ƙarafan cikin inji suke, sai dai su gudunsu ya wuce misali. Injin wannan mota yana iya juyawa sau 7,200 a minti ɗaya. Ku raba da 60, za ku samu sau 120 a kowace daƙiƙa. Turbo kuwa yana wuce juyi 100,000 a minti, kuma wannan man dai shi ne yake bi ta cikinsa.

Ayyukan man guda huɗu ne. Yana shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada su ci juna. Yana kwashe zafi daga wuraren da ruwan lagireto ba ya kaiwa. Yana wanko datti ya kai wa filta ta tace. Sannan yana taimaka wa ringin fistin wajen toshe 'yar kafar da ke tsakaninsa da bangon silinda. Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne, muna ce masa baƙin mai, amma sabonsa kamar zuma yake. Aiki ne yake baƙanta shi.

Me ya sa sabuwa take buƙatar juye da wuri?

Kun san yadda sabon takalmin makaranta yake cin ƙafa a satin farko kafin ya saba? Sabon inji ma haka ne. A tafiyar farko ƙarafansa suna goge juna har kowanne ya zauna daidai da ɗan'uwansa, musamman ringi da bangon silinda. A nan ne wani gari-garin ƙarfe mai laushi yake zuba cikin mai. Shi ya sa kamfanin ya tsara cewa motocinsa masu alamar M a yi musu sabis na farko a wajen kilomita 2,000, a canza man inji da filta, har da man aksul ɗin baya. Kafin lokacin kuma ba a so direba ya take totur har ƙasa, ko ya riƙe gudu iri ɗaya na dogon lokaci. Wannan ƙa'ida ta irin waɗannan motoci ce. Kowace mota tana da tata, kuma tana rubuce a littafin da take zuwa da shi.

Rigimar galan

Direban Alhaji mai motar ya buɗe but ya fito da galan biyu da ya sayo a hanya. Kawu ya ɗaga ɗaya ya karanta, an rubuta 20W-50. Ya ajiye ya ce, "Malam, wannan ba zai shiga motar nan ba."

Direban ya ce, "Haba Oga, ai mai mai ne. Shi nake zuba wa tsohuwar Marsandin gidan shekara da shekaru. Kuma ƙasarmu da zafi, mai kauri ya fi."

Kawu bai yi musu ba. Ya ce in ɗauko littafin motar daga aljihun gaba, ya buɗe shafin mai ya nuna masa da yatsa: 0W-30, kuma dole a ga lambar amincewar kamfanin a jikin robar.

Ga ma'anar lambobin yadda ya bayyana mana. Harafin W yana nufin hunturu a Turance. Lambar da ke gabansa tana nuna saurin gudun man idan inji yana da sanyi, kuma ƙaramar lamba ta fi saurin gudu. Lambar baya tana nuna kaurinsa idan ya yi zafin digiri 100. Ku kwatanta kunu mai ruwa-ruwa da kunu mai kauri: wanne zai riga wucewa ta tsinken shan lemo? Hanyoyin mai na sabon inji sirara ne, an auna su ne da mai marar kauri. Idan aka zuba mai kauri, da safe zai yi jinkirin isa sama da cikin turbo, ƙarafa su yi ta cin juna kafin ya iso. Game da zafin ƙasarmu kuwa Kawu ya ce, ko a watan Afrilu da rana take kai digiri 40, cikin injin da ke aiki ya ninka haka fiye da sau biyu, kuma masu ƙera shi sun san da wannan.

Matsalar ita ce ba mu da irin man a gareji, sai an aiko daga Abuja, kwana biyu. Direban ya kira Alhaji ya miƙa wa Kawu waya. Daga inda nake tsaye ina jin faɗa. Alhaji yana da ɗaurin aure gobe, kuma ya ce idan Kawu ba zai iya ba akwai gareji da yawa a gari. Motocin gidansa huɗu duk Kawu ne yake duba su, ni ma na san abin da rasa su yake nufi. Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, ka je ɗaurin auren da ita a hankali, man cikinta zai kai ka ya dawo da kai. Amma ni hannuna ba zai zuba mata abin da ba nata ba." Direban ya mayar da galan ɗinsa but ya ja mota. Ranar Kawu ko abincin rana bai ci sosai ba. Duk da haka ya yi waya ya sa aka aiko da man. Ranar Litinin da safe sai ga motar ta dawo.

Kayan aiki

Roba bakwai na mai masu lita ɗai-ɗai, sabuwar filta da zoben robarta, sabuwar washa ta notin juye, sifanar murfin filta, sifana mai awo, mazurari, kwanon tarar mai, safar hannu da tsumma mai tsabta.

Matakan aikin

1. A tayar da inji ya ɗan yi ɗumi sannan a kashe. Mai ɗumi ya fi saurin fita da datti. Amma a kula, mai zafi yana ƙona fata kamar man suya.

2. A hau da motar kan rami ko injin ɗaga mota, ta zauna daidai ba karkace ba. Irin wannan mota tana da ƙasa sosai, sai da aka sa katako ta hau a hankali. Kada kowa ya taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita.

3. A buɗe bonet a sassauta murfin filta, wadda a wannan inji a sama take. Yin haka yana sa man da ke cikin gidanta ya gangara ƙasa ya fita tare da sauran.

4. A sa kwano a ƙasa, a kwance notin juye, a bar man ya tsiyaye har ya koma ɗigo. Kawu ya haska shi da tocila ya nuna mini wani ɗan ƙyalli-ƙyalli a ciki. Garin ƙarfen nan ke nan.

5. A jefar da tsohuwar washa a sa sabuwa. A fara ɗaura notin da yatsu, sannan a ƙarasa da sifana mai awo. Kawu ya saita ta a kan 25, da ta yi "ƙas" ya tsaya. Wanda ya ƙara ƙarfi bayan nan zai iya cinye haƙoran ramin, ƙaramin aiki ya zama babba.

6. A cire tsohuwar filta, a canza zoben roba, a shafa masa ɗan sabon mai don kada ya tsage, a sa sabuwar filta a ɗaure murfin da awo.

7. A zuba sabon mai ta mazurari, ana ƙirgawa.

8. A tayar da inji ba tare da taka totur ba, a leƙa ƙasa da gefen filta ko akwai yoyo.

9. A auna man, a gaya wa kwamfutar motar an yi sabis, a rubuta kwanan wata da kilomita a takarda a ba mai mota.

Kuskuren da na yi

A mataki na bakwai ne na kusa jawo wa Kawu abin kunya. Wannan mota ba ta da sandar gejin nan da ake zarowa a goge a duba. Allon da ke gaban direba ne yake faɗin yawan man, kuma ba ya faɗa sai inji ya yi zafi, motar tana tsaye a wuri mai daidai. Saboda haka ƙirga yana da muhimmanci. Kawu ya ce duk robar da ya juye in jera ta a kan benci. Ni kuwa hankalina yana kan sitiyari da fitilun ciki, sai na riƙa wurga su cikin durom ɗin shara don a ga ina da tsabta. Can ya ɗago ya ce, "Nawa muka zuba?" Na ce shida, na sake cewa ko biyar ne. Ɗayan yaron shagon kuma ya riga ya mayar da ragowar cikin kwali ɗaya da na wata motar.

Kawu ya ajiye mazurari ya dube ni. Bai dake ni ba, amma da ya dake ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Ka san in ya yi yawa ƙarfen da ke juyawa a ƙasa zai kaɗa shi ya yi kumfa? Kumfa iska ce, iska kuwa ba ta hana ƙarfe cin ƙarfe. In ya yi kaɗan kuma famfo ya zuƙi iska a kwana. Shiga durom." Haka na zura rabin jikina cikin shara a gaban direban Alhaji ina zaƙulo robobi. Shida ne. Kawu ya zuba rabin ta bakwai, aka zagaya da motar ta yi zafi, aka auna a allo, sannan ya cika sauran kaɗan-kaɗan. Ya ce ƙari yana da sauƙi, ragewa ce wahala.

Ina ake kai tsohon man?

Ba a zuba shi a kwata ko a ƙasa. Yana kashe shuka, yana bin ƙasa ya ɓata ruwan rijiya, kuma daminar farko za ta kwashe shi zuwa kududdufin da dabbobi ke sha. A garejin Kawu durom ake tara shi mai murfi, masu saye su zo su ɗauka. Kuma duk wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu, domin yawan zamansa a fata yana cutarwa.

Kammalawa

'Yan uwa, yawancinmu babu irin wannan mota a gidajenmu, amma akwai babur, akwai janareta, akwai injin markaɗe ko na ban ruwa, kuma duk suna shan baƙin mai. Idan kun koma gida ku duba lambar da ke jikin robar da ake zuba musu, ku tambaya ko ita ce littafin injin ya ce, kuma yaushe aka yi juye na ƙarshe. Abin da ya ceci Kawu a ranar nan karatu ne, domin ya iya buɗe littafi ya nuna shafi. Masu cewa wanda zai yi kanikanci ba ya buƙatar boko, su zo gareji su gani. Alhaji dai bai ce komai ba game da faɗan da ya yi, amma kafin hutu ya ƙare ya aiko da sauran motocinsa biyu.

Tambayoyin mako

1. Idan inji yana juyawa sau 3,000 a minti, sau nawa yake juyawa a daƙiƙa ɗaya?
2. Tsakanin 0W-30 da 20W-50, wanne ya fi saurin gudu da sanyin safiya?
3. Kawo dalili biyu da suka sa ba a zuba tsohon mai a kwata.

A rubuta amsa da suna da aji a jefa a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. 

Daga wakilinku na aji biyu, ƙaramar sakandare.